Yadda Ake Sayen Tsohon Agogo da Ma'aunin Nauyin Iska a Gwanjo Daga Accra

Mafi yawan masu tara tsofaffin agoguna da na sani a zangunan Accra da abin gado suka fara, wato agogon bango da ke rataye a zauren kaka tun zamanin fataucin goro, wanda ya yi shekaru a tsaye ba a sami mai tashinsa ba. Daga ranar da mutum ya ji irin wannan agogo ya sake bugawa, da wuya ya tsaya a kan guda ɗaya, kuma ba zai daɗe ba zai ci karo da abokin tafiyar agogo, wato baromita, ma'aunin nauyin iska, domin a gidajen gwanjo na Turai yawanci a zama ɗaya ake sayar da su. Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne yadda mazaunin Nima, ko Mamobi, ko Sabon Zango, ko Madina zai shiga wannan ciniki da idonsa a buɗe. An ƙera kayan nan ne domin wata ƙasa da wani yanayi, kuma idan suka iso nan sukan nuna halin da zai sa mai lafiya ya yi kama da mai ciwo, har mai shi ya kai shi wurin gyaran da zai lalata shi. Saboda haka sanin kaya bai wadatar ba sai an haɗa da sanin inda za su zauna.

Gwanjon da muke iya shiga iri biyu ne. Akwai na gida, inda ake sayar da kayan ma'aikacin ofishin jakadanci ko na kamfani da zai koma ƙasarsu, ko kayan gado, ko kayan da kwastan suka riƙe a Tema ba a zo an fansa ba. A irin wannan kana da damar taɓa kaya da hannunka, sai dai ka fara tabbatar da cewa mai gwanjon yana da lasisi kamar yadda dokar gwanjo ta 1989 ta tanada, kuma ka karɓi rasiɗi. Akwai kuma na waje da ake shiga ta intanet. Manyan gidaje irin su Sotheby's, wanda ya faro a 1744, da Christie's na 1766, da Bonhams na 1793 suna sayar da kayan da suka fi ƙarfin mai farawa, amma ƙananan gidajen gwanjo na garuruwan Ingila suna fitar da agoguna da baromita masu sauƙin kuɗi kusan kowane mako, kuma ana ganin su a dandali irin su the-saleroom da LiveAuctioneers da Invaluable.

Duba agogo

Tambaya ta farko a kan kowane tsohon agogo ita ce ko injinsa da fuskarsa da gidansa tare aka haife su. Wannan ya fi muhimmanci a kan ko yana tafiya, domin agogon da ya tsaya ana iya tashinsa, amma wanda aka harhaɗa daga gawarwakin agoguna biyu ko uku darajarsa ba za ta dawo ba. Na koyi wannan ne a kan wani agogon bango mai gidan katako da gilashi a gaba da na saya a wani gwanjon kayan gida. Yana tafiya, yana bugawa, fuskarsa fes, na biya ina murna. Da na kai shi wurin wani dattijo mai gyaran agogo a Nima, sai ya zare lilon, wato ƙarfen da ke rataye yana kaɗawa hagu da dama, ya sauke injin, ya haska allon baya da tocila, ya ce, "Ɗana, matso ka ƙirga ramukan nan." Na ƙirga takwas, alhali kusoshi huɗu ne ke riƙe da injin. Na ce, "Baba, ko gara ce ta huda?" Ya girgiza kai, ya ɗora yatsa a kan wani shatin goga mai lanƙwasa a jikin katakon, inda wani lilo ya yi shekaru yana shafa, sannan ya mayar da nawa lilon, sai ga shi ya tsaya kusan yatsu uku sama da shatin. Ya ce, "Gidan na wani ne, injin na wani ne. Aure aka ɗaura musu." Daga baya na tarar Turawa masu wannan sana'a ma aure suke kiran irin wannan haɗi.

To, abin da dattijon ya yi shi za ka yi. Ka nemi ramukan da ba su da aiki a allon baya da kuma a farantin tagulla na gaban inji, inda ƙafafun fuska suke shiga. Ka duba ko sandunan da ake sa makulli a yi wa agogo wani sun fito daidai tsakiyar ramukansu na fuska, domin idan sun karkace, ko an faɗaɗa ramin da zarto, to akwai magana. A dogon agogon tsaye, ka duba katakon da inji yake zaune a kai, ko an yi masa ciko ko an rage shi, sannan ka rufe ƙofar sama ka ga ko fuskar ta cika tagarta ba tare da giɓi ba. Agogunan Faransa sun sauƙaƙa wannan aiki, saboda yawancinsu lambar da aka buga a bayan inji ita ce aka buga a jikin lilo, kuma idan lambobin suka saɓa ka san an sauya lilon.

Ramukan makulli da ke fuska su ma suna da bayani. Rami ɗaya yana nufin agogon lokaci kawai yake nunawa, biyu yana nufin yana buga sa'a, uku kuwa yana nufin yana kaɗa waƙa a kowane kwata. Idan ka ga rami biyu amma agogon na tafiya ba ƙarar inji, ka leƙa baya, domin an sha cire tsohon inji a liƙa na batir a bar ramukan domin ado.

Game da shekaru, kada ka dogara da bakin mai sayarwa, domin a wurinsa kowane agogo ya haura ɗari. Akwai iyakoki da ba sa canzawa. Christiaan Huygens, mutumin Holan, shi ya ƙera agogo mai lilo a 1656, saboda haka babu mai lilon asali da ya girmi wannan shekara. Dogayen agogunan Ingila na farko fuskar tagulla gare su, fuska mai fenti kuwa ta fara yaɗuwa ne daga wajajen 1770. Sunayen da suka fi tsada, irin su Thomas Tompion da ya rasu a 1713 da George Graham da ya gaje shi, an fi yi musu jabu tun suna raye, kuma wanda ya gan su da arha ya tuna cewa araha ba ta ado. Abin da muka fi samu a nan ƙasar kayan masana'anta ne na ƙarshen ƙarni na 19 zuwa tsakiyar na 20, waɗanda suka shigo ta kantunan kamfanoni irin su UAC da UTC, ko ta hannun ma'aikatan jirgin ƙasa da na ma'adinai bayan layin dogo daga Sekondi ya isa Kumasi a 1903. A cikinsu akwai Junghans na Jamus, wanda aka kafa a 1861 mai tambarin tauraro, da Gustav Becker mai tambarin anga, da Seth Thomas da Ansonia na Amurka, da Seikosha na Japan da ya faro a 1892, da Smiths na Ingila. Ansonia ya rufe a 1929 aka sayar da injinansa ga Tarayyar Sobiyet, don haka tsohon Ansonia na gaskiya ba a ƙera shi bayan wannan shekara ba, kuma akwai kwaikwayonsa da yawa a kasuwa. Idan an rubuta sunan ƙasar da aka ƙera abu a jikinsa, galibi bayan dokar Ingila ta 1887 ko ta Amurka ta 1890 aka yi shi, in kuwa ka ga an rubuta Jamus ta Yamma, to tsakanin 1949 da 1990 ne.

A cikin inji, ka duba ramukan da bakin sanduna ke juyawa a ciki. Baƙin maiƙo mai kauri a gefensu alama ce ta tsohon mai da ya haɗu da ƙura ya zama kamar garin wasa wuƙa, yana cin tagulla har rami ya zama dogo maimakon zagaye. Wannan ciwo ne mai magani, domin mai gyara na ƙwarai zai sa sabon zobe a ramin. Abin da ya fi muni shi ne ka ga tabon bugun ƙusa kewaye da rami, ko ɗigon dalma a kan haƙoran giya, domin wannan gyaran gangar Auzinawa ne. Haka nan agogon da aka goge har ya yi walƙiya kamar sabo, aka shafe katakonsa da fenti mai sheƙi, aka sake rubuta fuskarsa, ya yi asarar abin da masu tarawa suke biya domin sa. Ni na fi son fuska mai ɗan dusashewa wadda hannu bai taɓa ba a kan wadda aka yi wa sabuwar kwalliya. Abu biyu kuma a taƙaice: fuska ko hannuwa masu haske cikin duhu daga 1910 zuwa wajajen 1960 suna iya ɗauke da sinadarin radiyom, kada a kankare su, sannan tsohon agogon lantarki na Amurka da ke bin bugun wuta sittin a daƙiƙa zai riƙa rasa minti goma kowace sa'a a kan wutarmu mai bugu hamsin.

Baromita da sararin samaniyarmu

A nan ne na fi son mai karatu ya natsu. Evangelista Torricelli, mutumin Italiya, shi ya nuna a 1643 cewa iska tana da nauyin da zai riƙe zaiba a cikin bututun gilashi, kuma a bakin teku tsayin zaibar yakan kai kusan milimita 760, wato inci 29.92, ko miliba 1013. Daga nan aka sami manyan iri uku da za ka gani a gwanjo. Na farko shi ne mai siffar sanda, tsayinsa kusan mita guda, ana karanta kan zaibar kai tsaye a jikin allo. Na biyu shi ne mai fuska zagayayya kamar agogo, mai siffar gurmi, wanda asalin dabararsa ta Robert Hooke ce: a bayansa akwai lanƙwasasshen bututu buɗaɗɗe, da ɗan nauyin gilashi da ke yawo a kan zaiba, da zaren siliki da ke juya allura. Da yawa daga cikinsu suna ɗauke da sunayen Italiyawa, saboda masu sana'ar gilashi daga yankin Como sun yi ƙaura zuwa Birtaniya daga ƙarshen ƙarni na 18, kuma sau da yawa sunan da ke fuska na mai kanti ne da ya sayar. Na uku shi ne marar zaiba, wanda Bafaranshe Lucien Vidi ya yi wa rajista a 1844, mai ɗan gwangwanin ƙarfe da aka zuƙe iskar cikinsa, yana kumbura yana motsewa gwargwadon nauyin iska. Negretti & Zambra na Landan, da aka kafa a 1850, da Short & Mason suna cikin sunayen da ake nema.

A fuskar kusan kowane baromita na Ingila za ka ga kalmomin Rain a inci 29, da Change a 29.5, da Fair a 30, wato ruwa, da sauyi, da sarari. An rubuta su ne domin ƙasar da nauyin iska ke sauka ƙasa da miliba 980 ya kuma hau sama da 1030 cikin 'yan kwanaki. A Accra ba haka abin yake ba. Muna kusa da tsakiyar duniya, inda nauyin iska yake zaune kusan wuri guda duk shekara, saboda haka allura za ta tsaya tsakanin sauyi da sarari ko ana tsuga ruwan watan Yuni ko ana hazon hunturu. Na ga wanda ya sayar da lafiyayyen baromita da asara saboda ya yi wata uku bai ga allura ta gusa ba. A Kumasi kuwa, da yake garin yana sama da teku da kusan mita 250, kuma nauyin iska yana raguwa da kusan miliba ɗaya a kowace mita takwas, mai zaiba zai zauna kusa da inci 29, yana nuna ruwa ko da a tsakiyar Janairu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake ciwo.

Motsin da muke da shi a nan ƙarami ne amma ba ya saɓa lokaci. Nauyin iska yana hawa wajen ƙarfe goma na safe da goma na dare, yana sauka wajen huɗu na yamma da huɗu na asuba, kuma tazarar ƴan miliba kaɗan ce kawai. Idan ka daidaita allurar tagulla ta tuni, wadda ake juyawa da hannu, a kan baƙar allurar da ke nuna nauyin iska da hantsi, ka dawo da la'asar ka ɗan ƙwanƙwasa gilashin da farce, lafiyayyen baromita zai nuna maka ya ɗan ja baya.

A wurin gwanjo ba ka da yini guda na jira, saboda haka ga gwaji mai sauri. Marar zaiba, idan ƙarami ne, ka saka shi cikin farar leda mai kauri, ka bar iska a ciki, ka ɗaure baki, ka danna ledar a hankali: allura za ta hau, in ka saki ta dawo. Idan ba ta motsa ba, ko dai gwangwanin ya huje ko ƴar sarƙar da ke jan allura ta yi tsatsa, kuma ta biyun ta fi sauƙin gyara. Bayan ka saya, gwajin da ya fi gamsarwa shi ne ka ɗauke shi a mota ka hau dutsen Aburi, wanda ya haura mita 400, za ka ga allura tana sauka fiye da inci guda yayin da kake hawa, ta kuma komo da kai idan ka gangaro. Mai siffar sanda kuwa, ka karkata shi a hankali ƙwarai har zaiba ta cika bututu. Idan ka ji ta taɓa sama da ɗan ƙara mai kaifi kamar an buga ƙarfe a gilashi, babu iska a ciki, idan kuwa ba ta kai ba ko ƙarar ta fito a dushe, iska ta shiga. Ka kuma duba ko zaibar tana sheƙi ba ta tsittsinke ba.

Mai siffar gurmi ba a kwantar da shi, ko na minti ɗaya. Na taɓa sayen wani, na tsaya biyan kuɗi, yaron da ya taya ni ɗauka ya shimfiɗa shi a kujerar bayan tasi da kyakkyawar niyya, kafin in iso zaiba ta zubo ta buɗaɗɗen bakin bututun ta watsu ƙanana ƙanana cikin ɗinkin kujera. Laifin nawa ne da ban gaya masa ba, kuma abin da ya fi damuna shi ne mutanen da za su shiga motar bayanmu. Zaiba guba ce, tururinta ba shi da wari, kuma yana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, musamman na yara da masu ciki. Idan ta zube, a fitar da yara, a buɗe tagogi, a cire zoben zinariya domin tana manne masa, a tattara ta da kwali da sirinji a zuba cikin kwalba mai murfi. Ba a share ta da tsintsiya, ba a kuma zuƙe ta da injin shara, domin hakan warwatsa ta yake yi. Ghana tana cikin yarjejeniyar Minamata ta 2013 da ke taƙaita amfani da zaiba, kuma duk mun san ɓarnar da take yi a kogunanmu ta hanyar galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, saboda haka idan wani ya zo yana tayin zaibar cikin baromitarka, kada ka sayar masa.

Wannan ne ya sa shawarata ga mai saye daga waje ita ce ya tsaya ga marar zaiba. Ba a yarda fasinja ya shiga jirgin sama da baromita mai zaiba ba, saboda zaiba tana cin alminiyon, kuma yawancin kamfanonin aike ba sa karɓar sa. Mai zaiba a neme shi a gida, a ɗauke shi a tsaye a hannu. Akwai kuma batun hauren giwa, domin allon lambobi na wasu masu siffar sanda da haure aka yi shi, wasu agoguna kuma an yi musu ado da ƙoƙon kunkurun teku. Ƙashi yana da ƙananan ɗigogi baƙaƙe, haure kuwa yana da layuka masu sarƙewa kamar saƙa. Dokar haure ta Birtaniya ta 2018, wadda ta fara aiki a 2022, ta hana cinikinsa sai ƴan abubuwa da aka yi wa rajista, kuma tsallaka iyaka da shi yana buƙatar takardar izini ta CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji da tsirrai masu fuskantar ƙarewa. Idan kundin gwanjo ya ambaci haure, ka wuce.

Ranar gwanjo

Saye daga nesa cinikin biri a sama ne idan ba ka yi tambaya ba. Ka rubuta wa gidan gwanjo kwanaki kafin ranar, ka nemi rahoton lafiyar kaya da hotunan bayan inji, da cikin gida, da gefen fuska, ka kuma tambaya a fili ko lilo da duwatsun nauyi da makulli suna nan. Ka lura da lafazin kundi, domin idan sun ce abu na wane ne, sun tsaya a kai, idan kuwa sun ce ana danganta shi da wane, ko yana ɗauke da sunan wane, ko a salon wane yake, to sun zame ne. Kusan dukkansu suna sayarwa ne a yadda kaya yake, ba sa lamunin cewa zai yi aiki.

Kuɗin da aka buga guduma a kai ba shi ne abin da za ka biya ba. Akwai la'adar gidan gwanjo a kan mai saye, wadda a yawancin gidaje take kusa da kashi 25 cikin ɗari ko sama, akwai harajin kashi 20 na Birtaniya a kan la'adar, kuma dandalin intanet yakan ƙara nasa. A ɗauka an sallama maka agogo a kan fam 400: la'ada fam 100, harajinta fam 20, ka kai 520 tun kaya bai bar ɗakin ba. Sai ɗauri da aike da inshora, waɗanda a kan babban agogo sukan wuce kuɗin agogon kansa, sai kwastan da ladan ejan a Tema ko filin jirgi, sai abin da sidi zai yi tsakanin ranar tayi da ranar biya, sai kuma kuɗin ajiya idan ka yi jinkirin kwashewa. Ka nemi farashin aike tun kafin ka taya, ka haɗa duka, ka ware na mai gyara, sannan ka rubuta iyakarka a takarda ka ajiye a gabanka. Wanda ya san zuciyarsa tana ɗaukar zafi ya bar wa gidan gwanjo iyakarsa tun da wuri su taya a madadinsa. Ka kuma tuna cewa agogon Ghana ba ya sauyawa duk shekara, alhali na Ingila yana gaba da mu da sa'a ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, don haka gwanjon ƙarfe goma a can ƙarfe tara ne a nan.

A gwanjon gida ka je ranar duba kaya da tocila, da ƙaramin sukudireba, da farar leda, in da hali da mai gyaranka. Malamanmu sun halatta cinikin gwanjo, amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana najashi, wato mutum ya riƙa ƙara tayi ba da niyyar saye ba sai don ya ɗaga wa wani kuɗi. Kada ka yi wa abokinka wannan aiki, kuma idan ka lura da wani yana bin tayinka kullum yana janyewa a daidai gaɓa ɗaya, ka tsaya a iyakarka.

Bayan kaya ya iso

Kafin a ɗaga agogo daga inda yake, a cire lilo da duwatsun nauyi, domin siririn sifirin da lilo yake rataye a jiki ba ya jure girgizar hanya. A gida ka zaɓi bangon ciki wanda rana ba ta dukansa kuma ruwa ba ya tsattsafowa ta cikinsa, nesa da iskar na'urar sanyaya ɗaki. Tsohon gam ɗin fata da aka liƙa fallen katako da shi yana laushi da damina, hunturu kuma yana busar da katako har ya tsage, don haka wurin da yanayinsa bai cika sauyawa ba ya fi. Mazauna kusa da teku, kamar James Town da Osu da Teshie, su riƙa leƙa ƙarafan ciki saboda gishirin iska, kowa kuma ya riƙa duba ƙasan gidan agogo ko garin katako yana zubowa, domin alamar ƙwaro ce. Kada a fesa wa inji man gwangwani, kada a wanke shi da kananzir a haɗe, kada kuma a kwance inji mai sifirin ba a saki ƙarfinsa ba, domin yana iya karya haƙora ya kuma yanke yatsa. Wanki da sabon man agogo a wurin gwani duk bayan shekara biyar ko makamancin haka ya wadatar.

Idan ka rataye shi ka kaɗa lilo, ka saurara. Bugun dama da na hagu dole su zo da tazara ɗaya, in kuwa yana ɗingishi zai yi ƴan mintoci ya tsaya, sai ka ɗan gusa ƙasan gidan hagu ko dama har bugun ya daidaita. Wajen saita lokaci ka tura dogon hannu gaba kawai, ka dakata a kowace sa'a da rabinta har ya gama bugawa.

Daga nan za ka lura agogon da aka ce yana tafiya daidai a Ingila yana rasa fiye da minti biyu kowace rana a ɗakinka. Wannan ma ba ciwo ba ne. A 1672 masanin taurari Jean Richer ya je Cayenne, a gaɓar Amurka ta Kudu, ya tarar agogonsa da aka daidaita a Paris yana rasa kusan minti biyu da rabi a yini, saboda ƙarfin da ƙasa take jan abu da shi ya fi rauni kusa da tsakiyar duniya, lilo sai ya rage sauri. Cayenne da Accra kusan nisansu ɗaya daga wannan layi. Maganin yana ƙarƙashin lilo, inda akwai ƙaramin noti: ka riƙe sandar lilon da hannu ɗaya, ka murɗa notin ya ɗaga nauyin sama kaɗan, ka saita agogon da na wayarka, ka bar shi kwana ɗaya, ka rubuta abin da ya rasa ko ya ƙara, sannan ka sake murɗawa gwargwadon haka. Agogon kwana takwas ana murɗa masa makulli sau ɗaya a mako, kuma ni na zaɓi bayan sallar Juma'a domin ba na mantawa. Baromita marar zaiba kuwa yana da ɗan sukuru a baya, sai ka nemi adadin nauyin iska na ranar daga Hukumar Yanayi ta Ghana, ka juya sukurun a hankali har allura ta zauna a kansa, sannan ka duba shi da ƙarfe goma na safe, ka sake dubawa da ƙarfe huɗu.